Hans Andasan, Ɗan Baduku Mai Tatsuniya da Almakashi

Zan ba ku labarin wani mutumin ƙasar Turai wanda ya daɗe da barin duniya. Amma kafin in shiga labarinsa sai in faɗa muku abin da ya sa na neme shi, ko da ya ke abin kunya ne a gare ni.

Bara, sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni sai aka tura ni wata makarantar elementare a ƙasar Maiyama. A cikin ajin da aka ba ni akwai wani yaro, shekarunsa ba su fi tara ba, wanda karatu ya gagara. In na yi musu shifta na ce a rubuta bawa, shi sai ya rubuta dawa. In kuwa na tashe shi karatu, sai ya yi ta in'ina bisa kalma guda har 'yan'uwansa su fashe da dariya. Na gyara, na sake gyarawa, ran nan dai haƙurina ya ƙare, na tsula masa bulala uku. Da aka tashi tara na zaga bayan aji, sai na iske shi shi kaɗai a tsugune, ya share ƙasa da tafin hannu, yana zane da tsinke. Jakuna ne ya zana ɗauke da buhunan albasa, sun nufi kasuwar Jega, ga mai kora da sandarsa, ga wani jaki can baya yana ɗingishi. Na tsaya ina kallo, jikina ya yi sanyi, gama na san ni da na doke shi ko kunnen jaki ba na iya zanawa. Tun daga ran nan na ke tambayar kaina, ƙaƙa idon da ya ga ɗingishin jaki zai kasa raba baƙi biyu? Neman amsar wannan shi ya kai ni ga tarihin Hans Kiristiyan Andasan.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haife shi ran 2 ga watan Afril, 1805, a wani gari wai shi Odense, cikin wani tsibiri na ƙasar Danmak, arewa da Jamus. Don ku gane nisan zamanin, a shekaran nan ce Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi. Ubansa baduku ne mai ɗinkin takalma, matalauci ƙwarai. Uwarsa kuwa, Anne Marie, ba ta yi karatun kirki ba, daga baya ma wankau ta riƙa yi a kogi, tana tsaye cikin ruwan sanyi don ta ciyad da shi. Ɗaki guda gare su, nan ne wurin aiki, nan ne wurin kwana.

Uban nan ya so ya yi ilmi tun yana yaro, talauci ya hana shi, saboda haka ya ɗora burinsa bisa ɗansa. Da dare ya kan karanta masa littattafai, har da hikayoyin Alfu Laila waɗanda mu ma muka sani. Ya yi masa 'yan tsana, ya kuma haɗa masa wani ɗan akwati kamar dandalin wasan kwaikwayo. Yaron ba ya shiga cikin yara wasa, sai ya zauna gida da allura da almakashi, yana yanka ƙyallaye yana ɗinka wa 'yan tsanan nan tufafi, yana sa musu magana a baki. Ku riƙe almakashin nan a zuci, za mu komo kansa.

Kakarsa ta wajen uba ita ke kula da lambun wani gida inda a ke ajiye gajiyayyu da mahaukata, ta kan tafi da shi can. A nan ya kan shiga ɗakin tsofaffin mata masu kaɗi, su yi ta yi masa tatsuniya, kamar dai yadda kakanninmu su ke yi mana bayan an ci tuwon dare. Kakansa namiji kuwa ya sami taɓin hankali, ya kan zaga gari da 'yan gumakan da ya sassaƙa, yara na binsa da ihu. Ran da Hans ya ga haka sai ya ɓuya, tsoron hauka kuwa bai rabu da shi ba har tsufansa.

Da aka sa shi makarantar wata tsohuwa don koyon baƙaƙe, uwarsa ta yi sharaɗi kada a taɓa shi da bulala. Ran da tsohuwar ta manta ta doke shi, sai ya tashi ya ɗauki littafinsa ya tafi gida, bai sake komawa ba. Daga bisani ya ƙare a makarantar 'ya'yan matalauta, inda ba a koyad da kome sai addini da rubutu da lissafi, su ma sama-sama. Karatu dai ya iya, kome ya samu sai ya karance shi. Amma rubutu, shi da kansa ya faɗa a cikin tarihinsa cewa a lokacin nan da ƙyar ya kan harhaɗa kalma guda daidai.

A 1812, zamanin yaƙe-yaƙen Nafoliyon, ubansa ya shiga soja don ya sami kuɗi, ya komo ba lafiya, ya mutu a 1816, yaron yana da shekara 11. Aka kai shi masaƙa, aka kai shi gidan sarrafa taba, duk bai daɗe ba. Uwarsa ta so ya zama tela, shi kuwa ya kafe sai ya tafi babban birni ya yi suna a gidan wasan kwaikwayo. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta kira wata tsohuwa mai duba, tsohuwar ta ce wata rana za a haskaka garin Odense da fitilu saboda yaron nan. Gaibu sai Allah. Amma da jin haka uwar ta yi kuka, ta sallame shi.

A BIRNIN KOFANHEGAN

Ya sauka Kofanhegan ran 6 ga watan Satumba, 1819, yana ɗan shekara 14, bai san kowa ba, abin da ya tara duka bai wuce dala 13 ta kuɗin ƙasarsu ba. Ga shi dogo siriri, da dogon hanci da manyan ƙafafu, kowa ya gan shi sai ya yi murmushi. Ya tafi gidan wata shahararriyar mai rawa, ya tuɓe takalma ya kama tsalle a gabanta don ya nuna gwanintarsa, matar ta ɗauka mahaukaci ne, ta sa aka fitad da shi. Wani mawaƙi mutumin Italiya, Siboni, ya ji daɗin muryarsa ya karɓe shi. Ba a yi shekara ba muryar ta fashe, kamar yadda ta kan yi wa kowane yaro in ya fara balaga. Shekara uku ya yi yana fama da yunwa da sanyi, yana kwana a wani ɗan lungu marar taga.

A cikin wannan hali ya rubuta wasannin kwaikwayo ya aika wa shugabannin gidan wasa na Sarki. Suka mayar masa da su, suka ce ko wane shafi yana nuna mai rubutun bai sami ko ilmin farko ba. Amma da ya sake aika wani a 1822, sai suka lura akwai 'yan ƙwayoyin tsaba a cikin ƙaiƙayin. Ɗaya daga cikinsu, Jonas Collin, babban ma'aikacin gwamnati ne, ya kai maganar gaban Sarki Firedarik na Shida, aka yarda a biya wa yaron kuɗin makaranta daga baitulmali. Tun daga nan Collin ya zama masa kamar uba.

HANNUN MEISLING

A watan Oktoba, 1822, aka kai shi makarantar garin Slagelse, yamma da Kofanhegan. Yana da shekara 17, aka zaunad da shi aji ɗaya da yara 'yan shekara 11 da 12. Ku da kuka shiga Midil da girmanku, bayan kun sauke Alƙur'ani, kuka zauna benci guda da ƙannenku, kun san ɗacin wannan ba sai an gaya muku ba.

Shugaban makarantar sunansa Simon Meisling. Kada ku zaci jahili ne. Malami ne na gaske, masanin Latin da harshen Yunanawa, har ya fassara waƙoƙinsu na dā. Amma makaminsa harshe ne. In Hans ya yi kuskure a nahawu sai ya mai da shi abin dariya gaban yara, ya kira shi daƙiƙi, ya yi ba'a da siffarsa, ya ce ba zai zama kome ba. Tsoro ya kan kama yaron har abin da ya hardace da dare ya tsere masa da safe, kuskuren kuma ya jawo wata ba'ar. Aka kuma hana shi yin waƙa, abu guda da ya san ya iya. A 1825 Meisling ya ɗauke shi zuwa gidansa, ya zama mai renon 'ya'yansa. A 1826 kuwa da aka mai da Meisling makarantar Helsingo, ya tafi da shi. Can abin ya ƙara tsanani, ga ƙarancin abinci, ga ɗaki mai sanyi, ga hana fita.

Ga wani abin mamaki wanda ya kamata kowane malami ya tsaya a kansa. Sa'ad da Collin ya nemi labarin yaron a 1826, Meisling ya rubuta masa takarda yana yabonsa, ya ce yana da kaifin tunani da zuciya mai kyau da ƙwazo, ya cancanci taimakon da a ke yi masa. Ashe ya san darajar almajirinsa. Sai dai yabon ya tafi cikin ambulan zuwa wurin manya, zagin kuwa shi a ke zuba wa yaron a kunne kullum safiya. Watakila yana zaton da haka zai taurara shi.

Wani saurayin malami na makarantar ne ya kasa jurewa, ya tafi Kofanhegan da kansa ya gaya wa Collin abin da ya gani. A watan Afril, 1827, Collin ya fitad da Hans. Da ya je sallama, guzurin da Meisling ya ba shi shi ne, wai waƙoƙinsa za su ruɓe a ɗakin ajiyar mai sayad da littattafai, shi kuma a gidan mahaukata zai ƙare. Ku tuna da kakansa, ku ga inda kibiyan nan ta soka. Aka sama masa wani saurayin malami, Ludvig Müller, mai koya masa shi kaɗai cikin natsuwa. Yaro dai shi ne, kai dai shi ne, amma a watan Oktoba, 1828, ya ci jarrabawar shiga jami'a.

MARUBUCI

Littafinsa na farko da ya karɓu ya fito a 1829. Amma masu sharhin littattafai ba su bar shi ya huta ba, kullum suna tsintar kurakuransa na rubutu da na nahawu suna shelarsu. Ya ba da labarin wani malami da ya ɗauki littafinsa a cikin taro, yana bi layi layi yana kushewa, har wata yarinya ƙarama da ke wurin ta karɓi littafin, ta nuna wata 'yar kalma mai ma'anar da, ta ce saura wannan ce bai yi wa faɗa ba. Malamin ya ji kunya. Shekaru da yawa Edvard, ɗan Collin, shi ya kan duba masa rubutu ya gyara kafin a kai maɗaba'a.

A 1833 ya sami kuɗin tafiya daga Sarki, ya bi ta Faransa har Italiya. Yana birnin Rum labari ya iske shi uwarsa ta mutu a gidan gajiyayyu na Odense. Bayan ya komo, a 1835 ya fitad da wani dogon labari bisa Italiya wanda ya sa aka san shi. Ran 8 ga watan Mayu na shekaran nan kuma ya fitad da wani ɗan ƙaramin littafi mai tatsuniya huɗu don yara, a cikinsu har da ta sojan da ya sami ƙyastu mai tsafi, da ta gimbiyar da ƙwayar wake guda ta hana ta barci. Masu sharhi suka raina shi, suka ce ba haka a ke rubuta littafi ba. Amma abokinsa Orsted, masanin da ya gano dangantakar lantarki da maganaɗisu a 1820, ya gaya masa dogon labarin zai sa ya yi suna, tatsuniyoyin nan kuwa su za su hana sunan mutuwa. Haka kuwa aka yi.

Me ya ɓata wa masu sharhi rai? Andasan ya ƙi rubutu irin na malamai mai nauyi, ya rubuta yadda mutum ya ke magana in yara sun kewaye shi, da 'yan gajerun zantuka, da kwaikwayon ƙarar abubuwa, da tsayawa a yi wa mai sauraro tambaya. Mutumin da baƙaƙe suka wahalshe shi, kunnensa ya dogara da shi, kunnen nan kuwa tsofaffin masu kaɗi ne suka horad da shi. Wanda ya karanta Magana Jari Ce, wadda Malam Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka fara bugawa a 1937, ya san irin zaƙin da littafi ya ke yi in aka rubuta shi da harshen da a ke hira da shi.

A 1837 ya fitad da tatsuniyar 'yar ruwa, da ta sarkin da waɗansu mazambata suka ce sun saƙa masa tufafin da wawa ba ya gani, ya fita gari tsirara, fadawa na yabo don tsoron kada a ce da su wawaye. Tushen wannan daga wata tsohuwar hikaya ta Sifen ya ɗauko shi, amma sai da littafin ya kai maɗaba'a sa'an nan ya sake ƙarshensa, ya sa ƙaramin yaro ne ya fasa ƙwan. A 1843 ya fitad da ta mummunan ɗan agwagwa, wanda kaji da agwagi suka yi ta tsatstsaga don bai yi kama da su ba, ya sha wuyar hunturu shi kaɗai, sai da bazara ta zo ya ga inuwarsa a ruwa, ashe shi ɗan wani farin tsuntsu ne mai dogon wuya, wanda ya fi dinya girma da kyau. Ba sai an gaya muku ko labarin wa ya ke bayarwa ba. A 1845 ya yi ta yarinya mai tallan ashana wadda sanyi ya kashe a bakin titi. Tatsuniyoyinsa duka sun kai 156, an kuwa fassara su cikin harsuna fiye da 100.

ALMAKASHI DA ALƘALAMIN ZANE

Yanzu sai mu komo ga almakashi. Andasan bai taɓa shiga makarantar zane ba, amma hannunsa ba ya zama banza. A tafiyarsa ta Italiya ya cika takardu da zanen duwatsu da gidaje da tituna. Matafiyi ne ƙwarai, ya fita ƙasarsu kusan sau 30. A 1841 ya kai Istambul, ya ga hawan Sarkin Musulmi na Turkawa ran Mauludi. A 1847 ya je Ingila ya sadu da marubucin nan Dikins. A 1862 ya ƙetare daga Sifen zuwa Tanja ta ƙasar Maroko, ya taka ƙasarmu ta Afirka.

Abin da ya fi shahara da shi a wajen sura shi ne yankan takarda. In ya sauka gidan abokai aka taru hira, sai ya fito da wani babban almakashi, ya ninka farar takarda, ya fara tatsuniya yana yanka, bakinsa na tafiya hannunsa na tafiya. Sa'ad da tatsuniya ta ƙare sai ya warware takardar a hankali, sai ga tsuntsaye da masu rawa da itatuwan dabino da gidaje masu hasumiya irin na Gabas, duk a sarƙe da juna. Ɗaruruwan waɗannan suna nan ajiye, da yawansu a gidan tarihinsa na Odense. Har wa yau ya kan haɗa wa 'ya'yan abokansa littattafan hotuna da hannunsa, ya manna surori da abin da ya yanka, ya rubuta 'yan baitoci a ƙarƙashi. Hotunan da ke cikin littattafansa na ɗab'i kuwa waɗansu ne suka zana, na farkonsu wani hafsan jirgin ruwa, Vilhelm Pedersen, a 1849.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Bai taɓa yin aure ba, bai kuwa mallaki gida nasa na kansa ba. Tun 1838 gwamnati ta yanka masa kuɗi ko wace shekara, sarakunan Turai suka riƙa kiransa cin abinci. Wata rana ya gamu da Meisling a hanya, duniya ta juya masa baya, tsohon malamin ya amsa cewa ya yi kuskure, bai kyauta masa ba. Andasan ya yafe. Amma duk da haka, a cikin littafin da ya ke rubuta al'amuransa na kullum, an ga har ya tsufa yana mafarkin yana tsaye gaban Meisling yana rawar jiki.

Ran 6 ga watan Disamba, 1867, mutanen Odense suka kira shi suka girmama shi, aka haskaka gari da fitilu, shi kuwa yana tsaye bakin taga yana fama da ciwon haƙori. Ya mutu ran 4 ga watan Agusta, 1875, a gidan abokansa iyalin Melchior kusa da Kofanhegan, da ciwon sankara a hanta, yana da shekara 70. Sarkin Danmak da kansa ya halarci jana'izarsa. Tun 1956 a ke ba da wata babbar lamba da sunansa ga gwanayen rubuta littattafan yara, aka ƙara da masu zana musu hotuna a 1966; tun 1967 kuma ranar haihuwarsa ta zama ranar littattafan yara a duniya.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Andasan ya mutu ba a san wahalar baƙaƙe tana da suna ba. A 1877 wani likitan Jamus, Kussmaul, ya kira wani irinta makantar kalma. A 1887 wani likitan ido, Rudolf Berlin, ya raɗa mata disleksiya. A 1896 wani likitan Ingila, Pringle Morgan, ya bayyana halin wani yaro ɗan shekara 14, mai wayo, gwanin lissafi, wanda karatu ya gagara. Abin da aka tabbatar daga baya shi ne, ba ciwon ido ba ne, ba kuwa ƙarancin hankali ba ne, ba lalaci ba ne. Wuyar tana wajen rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura ko wane sauti ga baƙinsa, ta kan kuma bi jini. Juya b da d shi kaɗai ba shaida ba ne, gama yawancin masu fara koyo sun kan yi haka. Sai in abin ya daɗe, ya haɗu da nauyin karatu da yawan kuskuren rubutu, ga yaro kuwa da wayonsa a sauran al'amura.

Marubuta da yawa sun lissafa Andasan cikin masu wannan hali, saboda kurakuransa da wuyar da ya sha a makaranta. Amma a 2000 waɗansu masana uku na Danmak suka bi rubutun hannunsa na shekaru masu yawa suka ƙidaya kurakuran, suka ce ba su kai na masu disleksiya yawa ba, galibinsu kuma rubuta kalma ne yadda ta ke fita a baki. Ko wane ɓangare ya fi gaskiya, abin da ya shafe mu bai sake ba: an auna hankalin yaro da ma'aunin baƙaƙe, aka ce ba shi da kome, ma'aunin kuwa ya yi ƙarya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

In aka kai wa maɗorin Aliero mai karaya, ba ya dukan ƙafar don ta ƙi tafiya. Sai ya lalubi inda ƙashi ya goce, ya ɗora, ya ɗaure da karare, ya jira kwanakinta su cika. Maganin da masana suka samo ma haka ya ke. Likita Orton na Amurka da malama Gillingham, tun wajen 1935, sun nuna a koya wa irin yaran nan sauti ɗaya ɗaya, a haɗa ido da kunne da hannu: ya ga baƙi, ya faɗe shi da ƙarfi, ya zana shi da yatsa a rairayi, a yi ta maimaitawa ba gaggawa. Mu da muka fito makarantar allo wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, gama da babbaƙu muka fara, sa'an nan farfaru, yatsa na bisa allo baki na faɗa. Mun kuma yi sa'a, rubutun Hausa na boko ya fi na Ingilishi da na Danmak bin lafazi, saboda haka aikinmu ya fi nasu sauƙi.

Yaron nan nawa na Maiyama, da na gane laifina, sai na sa ya zana baka kusa da b, ya zana doki kusa da d, muka riƙa yin haka a ƙasa bayan an tashi. Kafin kwanakin gwajina su ƙare ya daina mai da bawa dawa, ko da ya ke har na taho karatunsa da nauyi. Ban ce zai zama Andasan ba. Abin da na sani shi ne, ba da daɗewa ba za a ba ko wanenmu aji, a cikin ko wane aji kuwa da wuya a rasa irinsa guda. In mun ga alheri gare shi, mu faɗa masa a kunnensa, kada mu ɓoye shi cikin rahoton da za mu aika wa manya. In kuwa mun ga wani yana karya shi, mu tuna da saurayin malamin nan na Helsingo wanda ya tashi ya tafi ya faɗa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Allah Ya ba mu haƙuri da 'ya'yan mutane, Ya sa mu fita haƙƙinsu. Amin.